Tsakanin Kwana 90 da Shekara 15: Baƙo da Takardar Zama a Tirkaniya, Kaduna

Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne wasu wa'adi guda biyu da ke rubuce cikin dokokin da suka shafi baƙi a Nijeriya. Na farko kwana 90 ne, watau iyakar lokacin da yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta yarda wa ɗan wata ƙasa ta yankin ya zauna a nan ba tare da ya nemi ƙarin izni ba. Na biyu kuwa shekara 15 ne, watau mafi ƙarancin zaman da tsarin mulkin ƙasa ya ce sai baƙo ya yi kafin ya nemi a mai da shi ɗan ƙasa. Tambayar da za mu bi diddiginta a wannan takarda ita ce: daga rana ta 91 har zuwa cikar shekara ta 15, da wace ƙafa mutum yake tsaye a gaban doka, kuma wa yake tsaya masa?

Mun zaɓi mu dubi al'amarin daga Tirkaniya, unguwar da ke kudu da Kogin Kaduna, maƙwabciyar Nasarawa da Kudenda, a gefen babbar hanyar nan da ta kewaye gari ta yamma wadda aka sa wa sunan Nnamdi Azikiwe. Dalilinmu shi ne, a wannan ɓangare na Kaduna ne baƙi iri biyu suka daɗe suna zaune kusa da juna: baƙon da kamfani ya kawo daga Japan ko Hongkong ko Faransa, da baƙon da fari ko neman abinci ya koro daga Damagaram ko Tawa ko Kumasi. Doka ɗaya ce a kansu duka. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an ɗinka dokar daidai jikin na farko, shi kuwa na biyu an bar shi yana zaman jiran abin da ba a taɓa gina masa hanyar kaiwa gare shi ba.

Baƙunci kafin zuwan takarda

Bahaushe bai san fasfo ba, amma ya san cewa baƙo ba ya zama a gari haka kawai. Fataken da suke bin hanyar Gwanja neman goro, waɗanda Mahdi Adamu da Paul Lovejoy suka yi dogon nazari a kansu, in sun isa gari zango suke sauka, kuma kowane ayari yana da mai masauki ko fatoma. Shi ne zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa dukiya, ya nemo masa dillali, ya yi masa tafinta, in kuma rigima ta taso shi ne zai je gaban Sarkin Zango ko sarkin gari ya ce, wannan baƙona ne. Abner Cohen ya nuna yadda wannan tsari ya ci gaba da aiki a Sabon Ibadan har cikin shekarun 1960 a cinikin shanu da goro. Watau dai iznin zaman baƙo a wancan tsari mutum ne mai rai, wanda ake iya zuwa ƙofar gidansa a yi sallama.

Wani abin lura shi ne, a wannan tsari babu ranar da baƙunci yake ƙarewa, babu kuma ranar da za a ce ya zama laifi. Sannu a hankali yake narkewa. Mutum ya yi damina biyu uku, ya yi aure, ya kafa gida, a rubuta shi cikin masu biyan haraji, wata rana sai ka ga shi ma ya zama mai masaukin wasu. Sunan garinsu ne kaɗai zai rage a manne da sunansa, a riƙa ce masa Na-Maraɗi ko Ɗan-Agadas.

Turawa suka zo suka ja layi. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa turakun iyaka da ya biyo baya har 1908, su suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Daura da Kano da Damagaram. Kowa ya san cewa sarakunan Maraɗi zuriyar sarakunan Haɓe ne na Katsina waɗanda jihadi ya fitar, har yau ma Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar. Amma a aikace layin bai hana 'yan cin rani saukowa kudu da kaka su koma da bazara ba, kuma mutane da yawa sun ƙetaro suka zauna dungum don gudun aikin tilas da nauyin harajin Faransa. Gwamnatin Ingila ba ta ƙi ƙarin masu biyan haraji ba. Mai unguwa ya rubuta sunan mutum, En'e ta karɓi kuɗinta, ta ba shi 'yar takardar haraji, shi ke nan ya zama talakan Sarki.

Kudancin kogi da dokar 1963

Ita kanta Kaduna garin baƙi ce tun asalinta. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka ƙaurar da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, soja da leburori da ma'aikatan reluwe suka cika ta daga ko'ina. Kudancin kogi ya fara cika sosai ne bayan an buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex, ga Arewa Textiles ta mutanen Japan, ga United Nigerian Textiles ta Sinawan Hongkong, ga kamfanin ƙera makamai na soja a 1964. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot, a 1980 aka buɗe matatar mai. Kakuri da Makera suka kasa ɗaukar jama'a, ma'aikata suka fantsama neman ɗakin haya mai araha, unguwanni irin su Nasarawa da Tirkaniya suka bunƙasa.

Ya kamata mu faɗa tun yanzu cewa akasarin waɗanda suka cika waɗannan unguwanni 'yan Nijeriya ne, da yawansu daga kudancin Zariya da Binuwai da Filato. Su ma suna da tasu matsalar takarda, watau shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda mutum kan haifi 'ya'ya da jikoki a gari bai cancanci samunta ba. Wannan batu ne mai zaman kansa, ba za mu shige shi ba a nan. Waɗanda muke magana a kansu su ne na bakin ƙofar masaƙa: mai gadi, ɗan ga-ruwa, mai shayi, mai wankin takalma, tela, makaniki, da malamin makarantar kuɗi.

Dokar da ta hau kansu duka ita ce Dokar Shige da Fice ta 1963. Kafin 1958 aikin shige da fice wani reshe ne kawai na 'yan sanda, a shekarar ne aka ware shi. Dokar 1963 ta ce baƙo ba zai kama aiki ba sai da iznin hukumar shige da fice, ba zai buɗe kasuwanci ko sana'a ba sai da iznin Minista. A kan wannan aka gina tsarin da manyan kamfanoni suke bi: kamfani ya nemi a yanka masa adadin guraben da zai kawo ƙwararru daga waje, ya rubuta wasiƙa cewa ya ɗauki nauyin wane a gaban hukuma, a ba mutumin bizar shigowa, in ya iso a daidaita zamansa a ba shi takardar izni, lokacin sabuntawa ya yi akawun kamfani ya ɗauki fayil ya tafi ofis. In muka duba da kyau, wannan fatoman nan ne na dā ya dawo sanye da kwat. Bambancin kawai shi ne, yanzu ba kowane mai gida doka ta sani ba, sai wanda yake da rajista da hatimi da takarda mai kan sarki. Alhajin da ya ba Buzu ɗakin zaure yana yi masa gadi shekara goma, a idon unguwa mai gidansa ne, a idon doka kuwa ba kowa ba ne.

Akwai ma wani abin mamaki a fassarar kalmomin dokar. Ajnabi a wurinta shi ne wanda ba ɗan ƙasashen Kwamanwel ba ne, ba kuma ɗan ƙasar Ayalan ba. Bisa wannan ma'auni Baturen Manchesta da ke kula da injin saƙa ba ajnabi ba ne, amma Bakatsinen Maraɗi da ke sayar masa da goro a bakin ƙofa ajnabi ne.

Darasin Gana da alkawarin Dakar

Hausawa sun fara ɗanɗana abin da takarda ke iya yi ne a ƙasar wasu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da iznin zama mako biyu ya samo shi ko ya fita. Dubun dubatar 'yan Nijeriya, Yarbawa da Hausawa, da mutanen Nijar da Togo da Volta ta Sama, suka kwashe abin da za su iya ɗauka. Cikinsu har da waɗanda aka haifa a zangon Kumasi da Sabon Zangon Ankara, ba su taɓa ganin Kano ba sai a bakin kakanninsu. Ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda sai ranar da rashinta ya zama hujjar kora.

Bayan 'yan shekaru sai ruwa ya juya. Kuɗin man fetur ya shigo Nijeriya, tattalin arzikin Gana ya durƙushe, malaman makaranta da magina da teloli na Gana suka kwararo nan. Farin 1973 da 1974 kuma ya kashe dabbobin Buzaye da Fulanin Nijar da Mali, suka gangaro garuruwan Arewa. Daga wannan lokaci ne Buzu mai rawani da takobi yana dafa shayi a ƙofar gida ko kamfani ya zama abin da ido ya saba gani a Kaduna.

Cikin wannan hali aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, aka kuma sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979. Yarjejeniyar ta yi alkawari uku da za a cika mataki-mataki cikin shekara 15: 'yancin shiga ba biza, sa'an nan 'yancin zama, sa'an nan 'yancin kafa sana'a. Matakin farko kaɗai aka fara aiki da shi a 1980. Sharaɗinsa shi ne mutum ya shigo ta ƙofar da hukuma ta sani, da takardar tafiya mai rai da katin allurar rigakafi, ya yi kwana 90. In yana son ƙari ya je ya nemi izni. Ba a ba shi damar yin aiki ba.

A nan ne, a ganinmu, aka haƙa ramin. Talaka ya ji a rediyo an ce an buɗe iyaka, mu duka 'yan gida ɗaya ne, bai ji maganar kwana 90 ba. Wanda ya ji ɗin ma, me zai ce wa jami'i in ya je neman ƙari? In ya ce ziyara yake yi, za a ce ziyara ta isa haka. In ya ce aiki yake yi, ya tona wa kansa asiri, domin ba shi da iznin aiki. In ya ce yana jiran mataki na biyu, ai ba a zo wurin ba tukuna. Saboda haka muke ganin sunan nan da aka laƙaba musu, baƙin haure, bai dace da da yawansu ba. Mai haure shi ne wanda ya tsallako katanga. Da yawa daga cikin waɗannan ta ƙofa suka shigo, aka buga musu hatimi, kwanaki ne kawai suka ƙare musu suna zaune.

Daga Shugaba zuwa Janairun 1983

Abubuwa biyu suka faru a 1980 waɗanda suka nuna inda aka dosa. A watan Janairu aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallakar da shi Cadi bisa umurnin Ministan Al'amuran Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, domin an tabbatar mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar da zamansa ɗan Nijeriya. Shugaba ya dawo saboda yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu. Amma duk mai kaka a ƙetaren iyaka ya fahimci saƙon: in ana iya yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai tura kurar ruwa?

Na biyu shi ne tarzomar Maitatsine a Kano cikin Disamba 1980, wadda hukumar binciken Mai Shari'a Aniagolu ta ƙiyasta mutum 4,177 suka mutu a cikinta. Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne, kuma an taɓa korarsa daga Kano a 1962 ya dawo. An samu 'yan ƙasashen maƙwabta cikin mabiyansa, ko da yake mafi yawansu 'yan gida ne. Da abin ya sake ɓarkewa a Bulunkutu ta Maiduguri da Rigasa ta nan Kaduna cikin Oktoba 1982, sai kalmar baƙo ta fara ɗaukar wani nauyi dabam a bakin hukuma. Ga kuma farashin mai ya faɗi, an kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, masaƙu suna rage ma'aikata don rashin kuɗin waje na sayo kayan aiki, zaɓe kuma yana tafe a Agustan 1983.

Ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Al'amuran Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ke zaune ko yake aiki ba bisa ƙa'ida ba ya bar ƙasar kafin ƙarshen wata. An ƙiyasta kimanin mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Gana kuwa iyakarta a rufe take tun Satumban 1982, sai a ƙarshen Janairu Rawlings ya buɗe ta, bayan jama'a sun yi kwanaki a jibge a kan iyakokin Benin da Togo da tashar jiragen ruwa ta Apapa. Jakar leda mai zanen dara wadda har yau ake kira da sunan korar 'yan Gana, daga nan ta samo suna.

Abin da ya fi shafar batunmu shi ne sassaucin da aka yi bayan 'yan kwanaki, wanda Farfesa Olajide Aluko ya yi bayaninsa a nazarin da ya buga a 1985. An ƙara wa masu sana'ar hannu, irin su kafintoci da magina da akawuna, wa'adi zuwa 28 ga Fabrairu. An ƙyale waɗanda suke aiki da gwamnati ko hukumominta, muddin masu gidansu za su daidaita musu takardu. An kuma ce 'yan ƙasashen ECOWAS da Kamaru da Cadi waɗanda suka shigo kafin 1963 ba a ce su tafi ba. To, a dubi yadda rariyar ta tace mutane. Wanda yake da mai gida mai hatimi ya tsira. Wanda ya fi kowa daɗewa an ce ya tsira, amma da me zai tabbatar? Mu ɗauki misalin mutumin da ya zo daga Tasawa a 1958 yana leburan gini a Kakuri. Ba a buga masa hatimi ba ran da ya shigo, domin babu mai bugawa a hanyar da ya biyo. Shaidarsa ita ce rasidin haraji, ga shi kuwa gwamnatin PRP ta Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna tun 1979, kuma ba kowa ke ajiye rasidin shekara ashirin ba. Abin da ya rage masa shi ne bakin mai unguwa da limami da maƙwabta.

Sau da yawa wannan bakin ya wadatar, kuma dole mu faɗi gaskiya a nan: korar ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ke zaune a Tirkaniya harshensa Hausa, tufarsa irin ta kowa, masallacinsa na kowa, in an matsa ya ce shi mutumin Jibiya ne ko Ɓaɓura, wa zai musa? Malamin Gana kuwa da ya buɗe baki an gane shi, haka Buzu da rawaninsa. Sai dai wannan mafaka tana da tsada. Wanda ya tsira da cewa shi ɗan Jibiya ne ya rufe wa kansa ƙofar neman iznin zama har abada, domin ba ya yiwuwa gobe ya je ofis ya ce shi baƙo ne mai shekara kaza a ƙasa.

Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilun 1984 lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe su ba sai Maris 1986. Rufewar ta zo daidai da wani mummunan fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. A Afrilun 1985 Manjo Janar Muhammadu Magoro ya sanar da kora ta biyu, wa'adinta 10 ga Mayu, wadda aka ce ta shafi kimanin mutum 700,000, kuma ba a yarda kowa ya fita da fiye da Naira 20 ba. Abin takaici, tsakanin korar farko da ta biyu ne, a Yunin 1983, Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda sashenta na 12 ya haramta korar baƙi jumla.

Hanyar shekara 15

Mataki na biyu na alkawarin Dakar ya zo a Abuja ranar 1 ga Yuli 1986. An amince ɗan yankin yana da 'yancin zama don neman aiki da yin sa, an hana korar ma'aikata baƙi jumla, amma an ɗaura 'yancin a kan mallakar katin zama. Katin kuwa ana samunsa ne da takardar tafiya mai rai da shaidar abin da mutum yake yi, wasiƙar wanda ya ɗauke shi aiki ko rajistar kasuwancinsa. Aka sake komawa kan fatoma mai hatimi. Daga baya ma masu hatimin suka ƙaranta a kudancin Kaduna: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan shekaru.

Ƙarshen hanyar shi ne zama ɗan ƙasa, kuma wannan ƙofa ƙunci take ƙarawa. Tsarin mulkin 1960 da na 1963 sun ba duk wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai 'yancin zama ɗan ƙasa. An soke wannan a 1974, tsarin mulkin 1979 da na 1999 kuma suka ɗora al'amarin a kan jini, watau sai uwa ko uba ko kaka ɗan ƙasa ne. Sashe na 27 na tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman a mai da shi ɗan ƙasa sai ya zauna shekara 15, ya zama mai halin kirki, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su, sa'an nan Shugaban Ƙasa ya amince. Sharaɗin sajewa da jama'a babu wanda ya kai mazaunin Tirkaniya ɗan asalin Damagaram cika shi. Amma ma'aikatar da ke karɓar takardun tana neman iznin zama da shaidar biyan haraji, don haka shekarun da mutum ya yi ba takarda ba su da mai shaida. Da Shugaba Buhari ya miƙa wa mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa a Satumban 2022, rukuni mafi girma cikinsu 'yan Labanan ne.

Wani ƙulli kuma yana cikin gida. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba, kuma Majalisar Tarayya ta ƙi gyara wannan a Maris 2022. Sai ka tarar da gida ɗaya, uwa 'yar ƙasa, 'ya'ya 'yan ƙasa ta wajenta, mai gidan da ke ciyar da su shi kaɗai ne baƙo.

Wasu ƙasashe sun gane cewa jira kansa yana bukatar doka. A Ingila akwai sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971, wanda aka ƙara daga baya, da ya ce in mutum ya miƙa takardar neman ƙari kafin izninsa ya ƙare, iznin yana nan da ransa har a yanke hukunci. A Faransa ana ba mai nema rasidi da yake zama masa izni na wucin gadi. Ba muna cewa can aljanna ba ce. Abin kunyar da ya fito fili a Ingila a 2018, inda aka tsare har aka kori wasu mutanen Karibiyan da suka shigo bisa ƙa'ida tun suna yara don sun kasa kawo shaidar shekarunsu, ɗan'uwan matsalar mutumin Tasawan nan ne. Amma aƙalla an amsa cewa jinkirin ofis ba laifin mai nema ba ne.

A nan gida an yi ta gwada dabaru. A taron Ankara na Yulin 2014 shugabannin ECOWAS sun amince a soke katin zama a maye gurbinsa da katin shaida na yanki. Duk da haka, da aka ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta a Yulin 2019, tare da afuwar wata shida ga marasa takarda, ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne wanda ya wuce kwana 90. Rajistar ta ƙidaya mutum, ba ta ba shi iznin zama ba. Wata ɗaya bayan haka aka sake rufe iyakokin ƙasa har Disamban 2020. Tsarin biza na 2020 ya fito da aji 79, cikinsu har da na zaman dindindin, amma an tanade su ne ga irin su masu zuba jari da manyan ƙwararru da ma'auratan 'yan ƙasa.

Sa'an nan ƙasan da mutanen Nijar suke tsaye a kai ta motsa gaba ɗaya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka har Maris 2024, kuma ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Duk haƙƙin da muka lissafa a sama, na Dakar da na Abuja, na ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiya ne. A ranar ficewar ECOWAS ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga su zauna su yi sana'a kamar dā, har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa. Ba a faɗi ranar ba. Jikan wanda farin 1973 ya kawo Kaduna, in mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce, wannan bai shafe shi ba. Kakan nasa kuwa, in yana raye yana zaune a Tirkaniya, ya haura shekara 50 a gari, kuma abin da yake riƙe da shi a gaban doka shi ne wannan sanarwa.